Haɗa Sitiyarin Wasan Tseren Mota a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Matasa da dama a Maraɗi da ke buga wasannin tseren mota suna sha'awar su ajiye hannun wasa su kama sitiyari da birki da totur, sai dai kuɗin sitiyarin kamfani, idan aka haɗa da na dako da na kwastan, ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi ko ɗan koyon sana'a. Amsoshin da ke ƙasa sun karkata ne ga abin da mai walda da kafinta da mai gyaran rediyo na unguwa za su iya yi, tare da ƴan kayan lantarki kaɗan da sai an aiko da su daga waje.

Shin da gaske sitiyarin da aka haɗa a gida yana aiki da wasa kamar na kamfani?

Yana aiki, domin kwamfuta ba ta san ko da katako aka yi sitiyarin ko da fata aka naɗe shi ba. Lambobi kawai take karɓa ta wayar USB. Duk sitiyarin wasa abubuwa uku ne a haɗe: sanda mai juyawa, da na'urar da ke auna yawan juyin da sandar ta yi, da ƙaramin allon lantarki da ke mayar da wannan awo lamba ya aika wa kwamfuta sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Logitech G29, wanda ya fito a 2015 kuma ya shahara wurin masu farawa, yana juyawa digiri 900, yana da feda uku, kuma yana da ƙananan injina biyu da ke ja da sitiyarin a hannun mai tuƙi. Juyin digiri 900 da feda ukun duk ana samun su a gida ba tare da wahala mai yawa ba. Injinan ne ke da wuyar kwaikwayo, kuma shawarata ita ce kada mai farawa ya sa su cikin lissafinsa na farko. Abin da ke raba sitiyarin gida mai daɗin tuƙi da wanda ake jefarwa bayan mako biyu shi ne ƙarfin sanda da ingancin na'urar awo, kuma a nan ya kamata kuɗin ya fi tafiya.

Zai yi aiki a PlayStation ko Xbox, ko sai kwamfuta?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa kafin a sayi ko da ƙusa guda. Kwamfuta mai Windows ko Linux tana karɓar kowace na'urar wasa da ta gabatar da kanta ta USB bisa ƙa'idar da aka sani, saboda haka sitiyarin gida yana shiga kai tsaye. PlayStation 4 da PlayStation 5 da injinan Xbox kuwa suna neman shaidar lasisi daga wani cif (ɗan ƙaramin ƙwaƙwalwar lantarki) na musamman da ke cikin kayan da kamfanin ya amince da su. Na'urar da ba ta da wannan shaida, ko dai a ƙi ta tun farko, ko kuma, kamar yadda PlayStation 4 ke yi, a katse ta bayan kimanin minti 8.

Mai PlayStation yana da hanya guda mai arha. Ana buɗe tsohon hannun wasa na wannan injin, a cire ƙaramin fotanshiyomitan (na'urar awo irin abin murɗa ƙarar rediyo) da ke auna motsin dama da hagu na sandar hagu, a jawo wayoyi uku daga gurbinsa zuwa wani babban fotanshiyomita mai ƙima iri ɗaya da aka ɗaura a sandar sitiyari. Tun da cif ɗin lasisi yana nan cikin hannun wasan, injin ba zai yi gardama ba. Illar ita ce wasan yana ɗauka babban yatsa ne ke tuƙi, don haka yakan yi watsi da ƙananan motsi na tsakiya, ya kuma tausasa juyin da kansa, kuma matakan awo ba su wuce 256 ba. Ga wasannin nishaɗi irin na gidajen gem wannan ya wadatar, amma wanda ke son tuƙi na tsanaki gara ya nemi kwamfuta ko da tsohuwa ce.

Wayar Android ma tana karɓar na'urar wasa ta wayar OTG, mai haɗa kayan USB da waya, sai dai wasannin waya kaɗan ne ke ba da damar a saita sitiyari yadda ya kamata.

Wane allon lantarki ya kamata a saya?

Arduino Leonardo ko ƙaninsa Pro Micro. Dukansu suna ɗauke da cif mai suna ATmega32U4, wanda ke iya magana da USB da kansa, ya ce wa kwamfuta shi na'urar wasa ne. Tarkon da mutane suka fi faɗawa shi ne Arduino Uno da Nano, saboda su suka fi yawa a hannun ɗaliban fasaha, kuma su mai shago zai fara miƙowa. Cif ɗin akasarinsu ATmega328P ne, wanda ba ya iya wannan aiki, kuma yawancin kwafin da ke kasuwa suna amfani da wani cif mai suna CH340 wajen haɗuwa da kwamfuta, shi kuwa ba a iya mayar da shi na'urar wasa. A karanta rubutun da ke kan baƙin cif ɗin kafin a biya kuɗi. Idan ba a ga 32U4 ba, a mayar.

Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a 2021, shi ma yana yin aikin kuma ba shi da tsada, amma da bolt 3.3 yake aiki, kuma ƙafafunsa masu karanta fotanshiyomita uku ne kacal, wato sitiyari da totur da birki sun cinye su. Pro Micro yana da rauni guda da aka san shi da shi, wato bakin da ake soka wayar USB yakan ɓalle daga allon idan aka yawaita cirewa da sakawa. Maganinsa a soka wayar sau ɗaya, a ɗaure ta da jikin akwatin, sai a riƙa cirewa ta ɓangaren kwamfuta.

Da me za a auna juyin sitiyarin?

Hanyoyi uku ne ke da amfani, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna bambancinsu.

Ta farko ita ce fotanshiyomita, wato abin nan da ake murɗawa a ƙara ƙarar rediyo. A nemi mai rubutun B10K. Harafin B yana nufin awonsa yana hawa daidai-wa-daida daga farko zuwa ƙarshe. Mai harafin A kuwa na sauti ne, yana hawa a hankali sannan ya yi tsalle, kuma sitiyarin da aka sa masa shi zai fi saurin juyawa ta gefe ɗaya. Ƙafafunsa uku ne: na gefe biyu, ɗaya tana zuwa bolt 5, ɗaya zuwa ƙasa (ƙafar allon mai rubutun GND), ta tsakiya tana zuwa ƙafar A0 ta allon. Leonardo yana raba awon zuwa matakai 1024. Matsalar ita ce fotanshiyomita ba ya wuce digiri 270 zuwa 300, don haka idan aka haɗa shi kai tsaye da sanda, sitiyarin ba zai cika juyi ɗaya ba. Mai son digiri 900 sai ya sa bel da fuli biyu, ƙaramin a sandar sitiyari, babban a kan fotanshiyomita. Fuli mai haƙora 20 da mai haƙora 60 suna mayar da digiri 900 zuwa 300, wanda ya yi kusa da iyaka ƙwarai. Mai haƙora 80 ya fi kwanciyar hankali, domin digiri 225 kawai zai nema.

Akwai fotanshiyomita mai juyi goma da wasu ke saye don su guje wa bel. Yana aiki, amma a lura cewa digiri 900 juyi biyu da rabi ne, wato kashi ɗaya bisa huɗu na abin da yake iya yi, saboda haka matakai 256 kawai za a samu, kowane mataki kimanin digiri uku da rabi. A kan miƙaƙƙiyar hanya, inda ake gyara mota da ɗan motsi kaɗan, ana jin wannan giɓi sosai.

Ta biyu ita ce enkoda mai haske, wadda aka fi samu da rubutun 600 a jikinta. Tana ba da bugu 600 a kowane juyi ta wayoyi biyu, kuma idan manhaja ta ƙirga hawa da saukar duka biyun sai a sami 2400, wato kowane mataki digiri 0.15. Ba ta da iyakar juyi, kuma babu abin da ke gogar wani a cikinta balle ya cinye. Sai dai ba ta san tsakiya ba. Duk inda sitiyari yake lokacin da aka kunna, nan take ɗauka tsakiya ce, don haka a miƙe shi kafin a soka waya, ko a ware madanni guda na saita tsakiya. Wayoyinta biyu na bugu suna bukatar rasista mai jan su zuwa bolt 5, kuma a Leonardo ƙafafu 0, 1, 2, 3 da 7 ne ke iya kama bugu cikin sauri.

Ta uku ita ce cif mai karanta maganaɗisu irin AS5600, wanda ke raba juyi ɗaya zuwa 4096. Ana manna ƙaramin maganaɗisu a wutsiyar sanda, cif ɗin ya tsaya dab da shi ba tare da sun taɓa juna ba. Dole maganaɗisun ya zama irin wanda arewa da kudunsa ke gefe da gefe, wanda galibi ake sayarwa tare da cif ɗin. Na tsohuwar lasifika ba zai yi ba. A ganina, a gari mai ƙura irin namu, wanda ya sami enkoda ko wannan cif bai kamata ya waiwayi fotanshiyomita don sitiyari ba.

Digiri nawa ya kamata sitiyarin ya juya, kuma me zai tsayar da shi?

Ya danganta da abin da ake tuƙawa. Motocin Formula 1 ba sa bukatar fiye da juyi ɗaya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, motocin tseren titi suna neman kimanin digiri 540, motar gida da tirela kuwa 900 ko fiye. Wanda ya gina mai 900 yana iya rage shi a cikin manhaja, amma wanda ya gina mai 270 ba shi da yadda zai ƙara.

Abin tsayarwa wajibi ne, musamman ga mai fotanshiyomita, domin juyi ɗaya na ganganci ya isa ya karya shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure igiya mai ƙarfi, irin maɗaurin tsohuwar jaka ko bel ɗin kujerar mota, bakinta ɗaya a sanda, ɗayan a jikin firam, a bar mata tsawon da zai ƙare daidai lokacin da sitiyari ya yi juyi ɗaya da kwata ta kowane gefe. Duk ƙarfin hannun mai tuƙi sai ya sauka a kan igiyar da firam, na'urar awo ta tsira.

Za a iya amfani da sitiyarin mota na gaske?

Ana iya, kuma masu sayar da tsofaffin kayan mota ba sa rasa shi. Abu biyu ne abin lura. Sitiyarin mota yana da faɗin santimita 37 zuwa 38 kuma yana da nauyi, alhali na wasa yana tsakanin 27 da 33. Ga mai son tuƙa tirela babban ya fi daɗi, amma a tsere yana jinkirta hannu. Abu na biyu ya fi muhimmanci: sitiyarin motocin zamani yana ɗauke da jakar iska, wadda abin da ke hura ta sinadari ne mai fashewa, kuma wutar batir kaɗan ta isa ta tayar da ita ko da motar ta daɗe da mutuwa. Kada a kai irin wannan gida, kada kuma a kai shi wurin walda. A nemi na tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da ba su da jakar, ko a sa bakanike ya cire ta gaba ɗaya ya riƙe a garejinsa.

Wanda bai samu ba, kafinta zai iya yanka masa zobe daga katako mai kaurin milimita 18, a haɗa biyu, a goge, a naɗe da robar tiyub sannan a kai wa baduku ya rufe da fata. Dukawan Maraɗi ba baƙin irin wannan ɗinki ba ne.

Yaya za a yi sanda da firam, kuma wa ya fi dacewa, mai walda ko kafinta?

Sandar ƙarfe mai kaurin milimita 15 zuwa 20 ta isa, kuma dole ta ratsa boris biyu da ke da tazarar aƙalla santimita 15 a tsakaninsu. Boris ɗaya ba ya hana sitiyari lilo sama da ƙasa, kuma wannan lilo yana shiga na'urar awo ya zama juyin da ba a yi ba. Boris mai lamba 6202, wanda ramin cikinsa milimita 15 ne, ana samun sa wurin masu gyaran babur da fanka. Mai lamba UCP204 yana zuwa da gidansa na ƙarfe mai ramukan noti biyu, raminsa milimita 20, kuma masu kayan injin niƙa sukan ajiye shi. Ya fi sauƙin ɗaurawa domin ba ya bukatar a sassaƙa masa mazauni. Cibiyar ƙafar keke ma tana yi ga mai ƙaramin ƙarfi, tun da sanda da boris biyu duk suna cikinta a haɗe.

Idan aka je wurin mai walda, a je da boris ɗin da sitiyarin a hannu, a kuma roƙe shi abu guda: “Maigida, a ɗan ɗiga walda tukuna, mu juya mu gani kafin a cike.” Farantin da sitiyari ke hawa kansa yakan karkace idan aka cike waldar gefe ɗaya da zafi, kuma karkatar milimita ɗaya a cibiya tana zama rawa mai gani a bakin zobe. A juya sandar a hankali, a kafa alli kusa da bakin farantin. Inda allin ya taɓa shi ne tudun, a buga shi ya daidaita sannan a cike. A cire boris kafin a cike waldar, domin zafi yana narkar da man cikinsa. Wutsiyar sandar kuma a sa mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage ta zuwa milimita 6 ko 8, gwargwadon fuli ko enkodar da za ta hau.

Game da firam, bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 25 ko 30, irin wanda ake yin ƙofa da gado da shi, ya fi katako a nan, saboda gara da kuma yadda katako ke bushewa ya saki noti a lokacin hunturu. Katakon MDF kuwa kumbura yake idan damina ta shigo da danshi. Abin da ba a so shi ne sitiyari a kan tebur, feda a ƙasa, mai tuƙi a kujerar roba, domin da zarar ya taka birki da ƙarfi sai kujera ta yi baya, feda ta yi gaba. A haɗa kujera da feda da sitiyari a kan firam guda. Tsohuwar kujerar mota mai layin dogonta ita ce mafi kyau, tun da dogo da gajere duk za su iya zama. A karkatar da sandar ta kalli ƙirjin mai tuƙi, a kuma sa tazarar yadda wuyan hannunsa zai hau saman zoben ba tare da bayansa ya bar kujera ba.

Idan babu inji, me zai dawo da sitiyari tsakiya?

Robar tiyub ɗin babur. Ana yanka ta tsiri biyu masu tsawo ɗaya, a ɗaure bakin kowace a sanda, ɗaya ta tafi dama ɗaya hagu zuwa jikin firam. Duk gefen da aka juya, robar tana naɗuwa a sanda tana ja baya. Idan sandar siririya ce, juyi ɗaya da kwata ba ya cin roba mai yawa, don haka jan ba ya yin tsauri fiye da kima. Roba tana tsagewa da zafi, a riƙa sauya ta, kuma a sauya biyun tare don tsakiya kada ta gusa.

Yaya ake yin feda, kuma me ya sa ake cewa birki ya fi sitiyari muhimmanci?

Kowace feda falle ne na ƙarfe ko katako a kan hinjin ƙofa, da sifirin a bayanta. Sifirin ɗin jakin babur ya dace da totur, birki kuwa yana son mai tauri irin na bawul ɗin injin mota. Inda ake kuskure shi ne wajen awo. Feda ba ta motsi fiye da kimanin digiri 20, saboda haka idan aka haɗa fotanshiyomita kai tsaye da hinjin, matakai kusan 70 kawai za a samu daga cikin 1024. Sai an sa ɗan hannu ko haƙora da za su ninka motsin. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ƙaramin cif mai lamba 49E, mai ƙafa uku kamar fotanshiyomita, wanda ke auna kusancin maganaɗisu: a manna maganaɗisun a bayan feda, cif ɗin a jikin firam, a matsar da shi har a sami tazarar da lamba ke hawa tun daga farkon taku zuwa ƙarshe.

A wasan tsere, lokaci ya fi ɓacewa a shiga kwana, wato wurin birki. Ƙafar mutum ta fi iya tuna ƙarfin da ta danna fiye da nisan da ta yi, kuma birkin mota na gaske ma da ƙarfin taku yake aiki. Saboda haka manyan fedojin kamfani suke amfani da ƙarfen auna nauyi a birki. Irin wannan ƙarfe yana cikin sikelin lantarki na awon mutum, guda huɗu a ƙafafunsa, kowane na kilo 50. Ana karanta shi da ƙaramin allo mai suna HX711, wanda ke iya awo sau 10 ko sau 80 a daƙiƙa. Da yawa suna zuwa a kan 10, wanda ya yi jinkiri ga birki, sai an sauya haɗin ƙafarsa mai suna RATE. Wanda bai kai nan ba, ya cusa guntun roba mai tauri a cikin sifirin ɗin birki, yadda rabin farko na taku zai yi laushi, rabin ƙarshe ya yi tauri. Wannan dabara kaɗai tana rage kulle tayoyi ƙwarai.

Kuloci ba dole ba ne a farko. A bar masa gurbi a hagu.

Giya da madannai fa?

Giya mai gaba da baya kawai makunni biyu take bukata, kuma ƴan makunnan da ke ƙarƙashin madannan tsohon linzamin kwamfuta suna yi. Giya irin ta motar gida tana bukatar faranti da aka yanka wa hanyoyi, da makunni a ƙarshen kowace hanya, shida da na baya. Tun da a Nijar da Najeriya direba a hagu yake zama, hannun dama ne ya saba da giya, a ɗaura ta a dama.

Madannan da ke kan sitiyari suna da matsalar waya, domin waya mai tauri tana karyewa bayan ƴan kwanaki na juyi. Wayar nan mai lanƙwasa ta tsohon tarhon tebur tana da zare huɗu, wato madanni uku da ƙasa ɗaya. Wayar intanet mai laushi tana da takwas, kuma idan aka jera madannai layi huɗu da ginshiƙi huɗu, zare takwas suna ɗaukar madanni 16. A naɗa ta sako-sako sau uku a kan sanda don ta riƙa warwarewa tana naɗuwa.

Wanda bai iya rubuta manhaja ba zai iya?

Zai iya. Manhajar Arduino kyauta ce, kuma akwai ƙarin da ake kira Joystick wanda ke zuwa da misalai. Abin da za a gyara bai wuce lambar ƙafa da iyakar awo ba. Akwai kuma MMJoy2, wadda ake loda wa cif ɗin 32U4 sannan a saita komai da linzami ba tare da rubutu ba. Bayan an loda, a danna madannin Windows tare da R, a rubuta joy.cpl, a buɗe na'urar a ga ko alama tana bin sitiyari da feda. Idan ba ta bi a nan ba, babu amfanin buɗe wasa. Wasu wasanni ba sa ganin komai sai hannun Xbox. Ga irinsu ana amfani da x360ce, wadda ke sa sitiyarin ya bayyana a matsayin hannun Xbox 360.

Ina da injin goge gilashin mota. Zai iya ba sitiyari turjiya irin ta kamfani?

Ba zai iya ba. Haƙoran cikinsa irin na dunƙule ne da ke juyawa ta hanya ɗaya: injin yana juya sanda, amma sanda ba ta iya juya injin, saboda haka sitiyarin zai ƙage. Abin da ake bukata shi ne injin lantarki na bolt 12 ko 24 da ke juyawa sakayau da hannu, a haɗa shi da sanda ta bel, a tuƙa shi da allo irin BTS7960, a kuma loda wa Leonardo manhajar da ke karɓar umarnin turjiya daga wasa, irin EMC Lite. Wannan tsari enkoda yake so. Masu nisa a harkar suna ɗaura sitiyari kai tsaye a kan injin tayar allon hawa mai batir (hoverboard), da manhaja irin OpenFFBoard ko FFBeast.

A san cewa G29 ƙarfin juyinsa kimanin niyuton-mita 2 ne kawai, injin gida kuwa yana iya ninka wannan sau da yawa, kuma idan aka juya wayoyinsa, maimakon ya dawo da sitiyari tsakiya sai ya wurga shi ƙarshe da dukkan ƙarfinsa. Gwajin farko a yi shi da ƙarfi kaɗan, hannu a waje da zobe. A sa fis, a kuma sa babban makunni da gwiwa ko hannu zai kai gare shi nan take, mai yanke wutar injin kai tsaye. Inda yara ke shiga ɗakin, a cire wutar injin idan an tashi.

Zafi da ƙura da ɗaukewar wuta ba za su lalata shi ba?

Sitiyari marar inji daga USB yake shan wuta, don haka da kwamfutar hannu mai batir ana ci gaba da wasa ko an ɗauke wuta. Mai inji yana iya sha daga batir ɗin sola na bolt 12, ko daga akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur, wanda ke tashi idan aka haɗa koriyar wayarsa da baƙa, rawaya kuma ita ce bolt 12. Kada dai a buɗe akwatin, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gam ɗin kyandir yana saki a ɗaki mai rufin kwano, don haka duk abin da ke ɗaukar nauyi a ɗaure shi da noti. Ƙurar hunturu kuwa fotanshiyomita ta fi yi wa illa. A sa allon da na'urar awo cikin robar abinci mai murfi, a huda ramin waya kawai, a kuma rufe fedoji da tsohon zane idan an gama.

Ina ake samun kayan, kuma nawa za a kashe?

Ƙarfe da boris da sifirin da roba da waya da dalma duk suna cikin gari, tsakanin babbar kasuwa da garejoji da masu gyaran rediyo. Allon Arduino da enkoda da cif ɗin maganaɗisu ne sai an sa ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Yamai ya taho da su, ko a yi odarsu daga Caina ta intanet a jira makonni. Farashi yana bin canjin naira da sefa da halin da iyaka ke ciki, saboda haka a tambaya a ranar saye. A aika wa ɗan saƙon hoton abin da lambarsa a rubuce, kuma a sayi Pro Micro biyu idan hali ya yi, domin jiran na biyu ya fi kuɗinsa ciwo. Mataccen firinta yana da bel da fuli da sanduna masu santsi, mai gyaran kwamfuta kuma sau da yawa neman wanda zai ɗauke masa shi yake.

Wane wasa ya dace a fara gwaji da shi?

Live for Speed ya girmi yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane, yana da sigar gwaji kyauta, kuma yana nuna awon kowace feda da sitiyari a fili a wurin saiti, abin da ke sauƙaƙa gano kuskure. Euro Truck Simulator 2 na 2012 shi ne inda digiri 900 da babban zobe ke nuna amfaninsu. Assetto Corsa na 2014 yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma shi ne zai tona asirin birki marar kyau. A kowane wasa a sa yawan digirin da ke cikin saiti ya yi daidai da na sitiyarin, a kuma mayar da yankin da ba a ji na tsakiya zuwa sifili.

Sitiyarin yana rawa shi kaɗai a allo ko yana jinkiri. Me ya jawo?

Idan alamar tana karkarwa alhali ba a taɓa komai ba, a fara duba dalma, musamman wayar ƙasa, domin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ita ce tushen yawancin irin wannan. Sannan a gajarta wayoyin awo, a nisanta su da wayar inji da ta caja, a kuma sa kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafar tsakiya ta fotanshiyomita da ƙasa. Idan rawar a wuri ɗaya take, galibi dab da tsakiya, to gawayin cikin fotanshiyomitan ne ya cinye, sai sabo. Idan tsakiya tana gusawa a hankali cikin wasa, fuli ne ke zamewa a kan sanda. A goge gefen sandar da zarto ya yi fili inda ɗan notin fulin zai kama. Jinkiri kuwa sau da yawa daga talabijin yake zuwa, saboda gyaran hoto da take yi kafin ta nuna: a shiga saitin hotonta a zaɓi yanayin wasa, a kuma rage ingancin hoto a cikin wasan har ya riƙa ba da hoto 60 a daƙiƙa.